Fasfon Tsohuwar Mota: Abin da Na Gano a Filin Tseren Goodwood

Daga tashar East Croydon muka hau jirgin ƙasa mai zuwa Chichester, ni da Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana aikin injiniya a Ingila har ya yi ritaya a can. Farkon Satumba ne na 2024, gari a lumshe, hadari ya haɗo tun asuba. Tun kafin mu wuce Gatwick taragon ya cika da mutanen da ka ce daga tsohon hoto suka fito: maza da kwat ɗin ulu da malafa, mata da safar hannu da ɗankwalin da aka ɗaure ta ƙarƙashin haɓa, wani dattijo da kakin sojan sama na zamanin yaƙin Hitila. Bikin tseren tsofaffin motoci da ake kira Goodwood Revival muka nufa, kuma al'adarsa ke nan, kowa ya sa tufafin tsakanin 1948 da 1966, shekarun da filin ya yi yana aiki.

Da na tambayi Kawu me zan sa, bai ɗauki lokaci ba. "Ɗana, ka sa babbar rigarka da hula. Da su Sardauna da Tafawa Balewa suka shigo Landan taron tsarin mulki a 1957. Babu wanda zai ce ba kayan zamanin ba ne." Haka na yi, kuma babu mai tsaron ƙofar da ya ko ɗaga gira.

Jirgin ya ratsa Horsham, ya gangara kwarin kogin Arun, muka hango ganuwar fadar Arundel a kan tudu, sannan hasumiyar babban cocin Chichester ta ɓullo. A bakin tasha motocin safa suka kwashe mu, tafiyar 'yan mintuna ce zuwa gindin tsaunukan South Downs. Tun ba mu sauka ba ƙarar ta riga ta iso mu. Na tashi a garejin mahaifina a Kaduna, kunnena ya saba da kukan inji iri-iri, amma wannan daban ne: babu abin da ke danne sautin a salansa, har cikin ƙirji kake jin sa.

Filin Goodwood asalinsa sansanin jiragen yaƙi ne, ana ce da shi Westhampnett. Bayan yaƙi, mai ƙasar, Duke na Richmond na tara, wanda masoya mota suka fi sani da Freddie March, ya mayar da titin da ya kewaye sansanin ya zama fagen tsere, aka buɗe ranar 18 ga Satumba, 1948. Zagaye ɗaya kilomita 3.8 ne. A 1966 aka daina tsere a wurin, domin motoci sun yi gudun da filin ba zai iya ɗauka ba. Jikansa ne ya sake buɗe shi a 1998, ranar da aka cika shekara 50 cif da buɗewar farko, ya kuma bar kwanonin titin yadda suke: Madgwick, Fordwater, St Mary's, Lavant, Woodcote. Jirage na tashi daga ciyawar tsakiyar filin har yanzu, kuma mun ga tsohon jirgin yaƙi ƙirar Spitfire a ajiye kusa da shinge.

Ni dai ba tufafi ko jirage suka kai ni ba. Abin da ke raina tambaya ce ta ɗan gareji. Ƙarfe yana gajiya. Duk wanda ya taɓa kwance inji ya san fistin da karanshaf ba sa shekara sittin ana azabtar da su. To ta yaya motar 1964 za ta shiga fili a take mata totur har ƙasa na tsawon awa guda, a kuma ce ita ce dai waccan ta 1964?

Kawu yana da takardar shiga rumfunan da ake ajiye motocin tsere, don haka can muka nufa. A ƙarƙashin wata rumfar katako muka tarar da farar Lotus Cortina mai koren layi a gefe, irin wadda Jim Clark ya ci gasar Birtaniya da ita a 1964. Wani dattijon bakanike cikin farin kayan aiki yana durƙushe yana duba birkin gaba. Na gaishe shi, na gaya masa sana'ar gidanmu, sai fuskarsa ta saki. Na tambaye shi kai tsaye, a cikin motar nan mene ne ya rage na shekarar da aka ƙera ta?

Ya goge hannu, ya zagaya da ni. Rufin da ƙasan bodin na asali ne, in ji shi, sai dai an sha yanka ruɓa ana yin walda. Ƙofofi da bonet na alminiyom sababbi ne, an buga su a kan ma'aunin tsofaffin. Kan injin sabon zubi ne. Fistin, karanshaf, akwatin giya, duk an sauya, wasu ba sau ɗaya ba. Ya nuna mini 'yar farantin da ke ɗauke da lambar shasi, ya ce wannan kam tun daga kamfani take. Bai faɗi wannan da kunya ba, kuma abin da ya fara burge ni ke nan. Daga nan ya buɗe jaka ya ɗauko wani kundi mai shafuka da yawa a cikin leda, ya ce ga fasfon motar.

Na daɗe ina jujjuya kundin nan. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ita ke da shi, ana kiransa Historic Technical Passport, HTP a taƙaice, kuma hukumar kowace ƙasa ce ke tura mai dubawa kafin a bayar. A Birtaniya Motorsport UK ke yi. Yana aiki na shekara goma, sannan a sabunta. A ciki akwai hotunan motar ta kowace fuska, da hoton inji, da birki, da ƙafafu, da faɗin taya, da nauyi, da girman silinda. Dokokin da yake bi suna cikin wani sashe na kundin FIA mai suna Appendix K, wanda ya kasa tsofaffin motoci rukuni-rukuni bisa shekaru. Cortina ɗin tana rukunin F, na motocin 1962 zuwa 1965.

Tushen dokar mai sauƙin faɗa ne: motar ta kasance yadda irinta ta kasance a zamaninta. A wancan lokacin, kafin kamfani ya shigar da wata mota gasar duniya, sai ya tabbatar wa FIA ya ƙera adadin da aka gindaya, guda 1,000 cikin wata goma sha biyu ga motocin gida irin Cortina, guda 100 ga motocin GT, wato motocin gudu na alfarma masu hawa titi, ya kuma miƙa takardar da ta lissafa kowane ɓangare na motar. Waɗancan tsofaffin takardu su ne alƙalai a yau. Idan kana son sa wani abu da babu shi a ciki, nauyin hujja na kanka: ka kawo hoto ko rubutaccen bayani na zamanin da ke nuna an yi amfani da shi a irin wannan mota a gasar ƙasa da ƙasa. Dattijon ya ce ya san mutanen da suka yi watanni suna tonon tsofaffin mujallu da madubin ƙara girma don kawai su tabbatar da siffar wani bututun iska.

Sai ya juya shafi, ya ɗora yatsa, ya faɗi maganar da ta zama jigon tafiyata. Fasfon nan ba ya shaidar asalin mota. Ba ya cewa wannan ita ce wadda wane ya tuƙa, ba ya ma cewa an ƙera ta a shekarar da ake faɗa. Abin da yake shaida kawai shi ne siffarta da kayanta sun dace da na zamanin. Motar da aka ƙera bara daga sabon ƙarfe, in dai ta yi daidai da takardar 1963, za ta iya samun fasfo irin wannan.

Na tuna da tasin Fijo 504 na garinmu, waɗanda kamfanin Fijo na Kaduna ya harhaɗa. Akwai wadda na sani tun ina yaro, an sauke injinta an ɗora ɗan Beljiyam, an sauya giya, fanal bita ya sake mata ƙofofi huɗu, amma duk tashar ba wanda ke shakkar motar Alhaji wane ce, domin ba ta taɓa ɓacewa daga idon mutane ba, kuma lambar shasi da takardunta suna nan. A tasha shaidar mutane ce ke riƙe da sunan mota. Fasfon FIA ya bar wannan tambayar gaba ɗaya, ya kama wata daban.

Wanda ke amsa tambayar asali a Goodwood shi ne mai gida. Ba a sayen gurbi a tseren nan, gayyata ake yi. Masu shirya biki ne ke zaɓen motar da suke so a kowane rukuni, suna duba tarihinta, suna kuma ɗora nasu sharuɗɗan a kan na FIA. Kawu ya ja ni zuwa layin motocin Jaguar E-type don ya ba ni misalin da ya fi ci masa rai. A 1963 Jaguar ta yi niyyar ƙera E-type marar nauyi mai bodin alminiyom guda 18, amma 12 kawai ta kammala, lambobi shida suka rage a littafin kamfani ba a taɓa su ba. A 2014 kamfanin ya sanar zai ƙera shidan da suka rage, da hannu, a kan ma'aunin na farko, ya ba su waɗancan lambobin. Kamfani ɗaya, zane ɗaya, jerin lamba ɗaya. Duk da haka mai Goodwood, wanda a lokacin ake kira Lord March, ya fito fili ya ce ba za su yi tsere a bikinsa ba, domin a wurinsa kwafi ne.

"Kuma ya yi daidai," in ji Kawu. "Motar da ba ta ga 1963 ba, ba ta da abin da za ta gaya mini. Ko wa ya ƙera ta."

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, to ita Cortina da muka baro fa? Fistin ɗinta ma bai ga 1964 ba."

Ya ce ita ta rayu, an yi ta yi mata magani har ta kawo yau, waɗancan kuwa jiya aka haife su da furfura.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne kuɗi. Ferrari 250 GTO guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. Innes Ireland ya ci babban tseren Tourist Trophy da ita a wannan fili a 1962, Graham Hill ya maimaita a 1963. A 2018 an sayar da ɗaya a gwanjo a Amurka kan dala miliyan 48.4. Wa zai saka dukiya irin wannan a tsakiyar motoci talatin a kwanar Madgwick cikin ruwan sama? Shi ya sa a shekarun farko na bikin ake ganin irinta da yawa a babban tsere, yanzu kuwa sai an dace. A rumfunan ba a ɓoye zancen cewa wasu masu motoci masu tsada suna sa a ƙera musu tagwaye, su kulle ta asali a gida, su kawo kwafin fili. Babu wanda ya nuna mini wata mota ya ce ga ta, kuma ba zan ɗora wa kowa zargi ba. Amma magana ce da kanikawa ke yi ba tare da rage murya ba. Sauran kamfanoni ma sun bi sahun Jaguar a fili: Aston Martin ta ƙera sababbin DB4 GT guda 25, ita Jaguar ɗin ta ƙara da XKSS guda tara a madadin waɗanda gobarar masana'antarta ta Browns Lane ta cinye a 1957.

Ruwa ya sauko da ƙarfi wajen azahar. Muka yi salla a gefen filin ajiye motoci, muka fake a wata tanti da guzurin da matar Kawu ta haɗa mana. A nan ya ba ni labarin shari'ar da duk mai jayayya a wannan fage yake komawa gare ta.

Akwai wata Bentley Speed Six da ake yi wa laƙabi da Old Number One. Ita ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 1929, ta sake ci a 1930, duka biyun da Woolf Barnato a cikin direbobinta. A 1932 Barnato ya sa bakanikensa Walter Hassan ya sake gina ta a kan wani shasi daban, aka kuma ɗora mata inji mafi girma. A wannan shekarar ta yi hatsari a filin Brooklands, direbanta Clive Dunfee ya rasu. Aka sake gyara ta, aka ɗora mata bodin hawa titi, ta yi ta sauya hannu. Shekaru da yawa bayan haka wani mai suna Ed Hubbard ya yi cinikin sayar da ita ga kamfanin Middlebridge kan fam miliyan 10. Bayan an ƙulla ciniki masu saye suka janye, suka ce wannan ba ita ce motar da ta ci Le Mans ba, kusan babu abin da ya rage na waccan. Magana ta kai babbar kotun Landan a 1990, gaban Mai shari'a Otton. Aka kira shi kansa Hassan, yana tsoho ƙwarai, ya ba da shaida a kan aikin da ya yi da hannunsa kusan shekara sittin baya. Alƙali ya yarda motar ba ta nan yadda ta fito daga kamfani, domin motar tsere ba ta zama haka. Amma ya yanke cewa ita ce Old Number One, saboda tarihinta bai taɓa yankewa ba: kowane sauyi an yi shi ne a kan motar da ke nan, ba a taɓa rushe ta a watsar ba, kuma babu wata motar da za ta iya da'awar sunan.

Kawu ya ba ni wannan labari ne don ya kare matsayinsa, kuma lallai ya kare shi ta wani gefe. Sai dai ni na ji wani abu daban a ciki. Abin da ya ceci Bentley ɗin shi ne an san abin da aka yi mata. Akwai wanda ya yi aikin, akwai takardu, akwai shaidu. Sabon ƙarfe bai kashe ta ba. Da a ɓoye aka yi sauye-sauyen, da babu alƙalin da zai iya cewa komai.

Da ruwan ya tsagaita muka taka zuwa tudun da ke kallon St Mary's, tafiya mai ɗan nisa cikin taɓo. A wannan kwana ce shahararren direba Stirling Moss ya yi hatsarin da ya kawo ƙarshen tserensa na manyan gasa, ranar Litinin ɗin Ista ta 1962. Ya yi kusan wata bai farfaɗo ba. Wurin babu faɗin da za ka gani a filayen zamani, ciyawa ce kawai sai tudun ƙasa da aka jera wa tayoyi. A filin nan kuma Bruce McLaren ya rasu a 1970 yana gwajin mota.

Tseren motocin gida na shekarun 1960 muka fara kallo daga nan. Ford Galaxie mai injin lita bakwai ta taho tana cika titi, Cortina biyu a manne da ita, ƙananan Mini suna biye kamar za su shige ƙarƙashinta. A miƙaƙƙen titi Galaxie ta tsere musu, a kwana su kamo ta. Kowace mota a karkace take shiga kwana, gindi na zamewa, direba na murza sitiyari ta ɗaya gefen. Dalilin wannan zamiya yana cikin doka: tayoyin Dunlop masu zane da ginin wancan zamani ake tilasta musu, sirara, marasa riƙo sosai. A ganina wannan ita ce ƙa'ida mafi hikima a cikin dukan kundin. Duk ƙarfin da ka ƙara wa inji, ta wannan siririn roba zai bi ya taɓa ƙasa.

Amma ko da tayar, motocin sun fi gudun da suka yi a ƙuruciyarsu, kuma nan ne na ga matsalar da ta fi ta kwafi girma. Zagaye mafi sauri na wancan zamani a Goodwood minti 1 da daƙiƙa 20.4 ne, Jim Clark da Jackie Stewart suka kafa shi tare a 1965 da motocin Formula 1. A bikin yanzu an ga Lola T70, motar tseren wancan zamani, ta sauka ƙasa da minti 1 da daƙiƙa 19. Wani sashe na wannan kwalta ce mai kyau, wani sashe ƙwararrun direbobi ne da ake gayyatowa daga gasannin zamani. Sauran kuwa yana cikin ƙarfe. Doka ta ce siffa da ma'auni su zama na da, amma na'urar da ke yanka ƙarfen ta yau ce, mai aiki da kwamfuta, kuma man inji na yau ne, ilimin ma na yau ne. Adrian Newey, mai zana motocin Formula 1, ya ci babban tseren bikin da E-type a 2009 da 2012. Idan masu irin wannan sani suka zauna a kan motar 1963, ba sai sun karya doka ba kafin ta zama wata aba da masu ita na farko ba su taɓa tuƙawa ba. Akwai kuma masu ƙetare layin: ƙaramin sauyi a cikin kan inji inda ido ba ya gani, ko ɗan matsar da mazaunin ƙafa. Mota tana iya zama ta asali tun daga lamba har tarihi, amma cikinta ya bar zamaninta da nisa. A wurina wannan ya fi ɓata gaskiyar abin da ɗan kallo ya zo gani fiye da kwafin da aka ƙera da amana a kan ma'aunin 1963.

Akwai wuraren da dokar da kanta ta yarda a saɓa wa tarihi, kuma ban ji ko mutum ɗaya ya yi ƙorafi ba. Ƙarfen kariya a cikin mota, bel mai ɗaure kafaɗu da ƙugu, na'urar kashe gobara, hular kwano ta zamani da abin tallafe wuya, da wuya ka ga irinsu a hotunan 1960, kuma wanda ya tsaya a St Mary's ya san dalilin sa su. Sabon abu a 2024 shi ne mai: a wannan shekarar ce karon farko da dukan tseren bikin suka yi amfani da man da aƙalla kashi 70 cikin 100 nasa ba daga rijiyar fetur ya fito ba. Dattijon Cortina ya ce shi dai ɗan gyaran kafireto kawai ya yi.

Ba kowane biki ke auna cancanta da mudu ɗaya ba. Mille Miglia ta Italiya, mai tuna wani tsohon tseren titi mai wannan suna, tana karɓar samfurin motocin da suka shiga ainihin tseren tsakanin 1927 da 1957 ne kawai, kuma tana neman takardar da ke binciken tarihin motar kanta. Tafiyar Landan zuwa Brighton ta kowane Nuwamba sharaɗinta shekara ce, motar da aka ƙera kafin 1905. Su waɗannan ba sa buga mota da mota a kwana, don haka suna da sararin tsananta batun asali. Inda ake tsere na gaske, ƙarfe na karyewa kowane mako, dole doka ta sassauta a kan asali ta tsananta a kan ma'auni.

Da yamma muka dawo kusa da layin ƙarshe don babban tseren motocin GT, awa guda, direbobi biyu ga kowace mota, Cobra da E-type da sauransu. Da aka kaɗa tuta, jama'a suka nufi wajen ba da kyauta, ni kuwa na bi motocin. Waɗanda suka zo kan gaba ba a mayar da su rumfunansu ba. An tura su wani keɓaɓɓen wuri da aka kewaye, ba a barin bakanike ya taɓa su sai da izini. Masu bincike, yawancinsu dattawa, suka zo da fitilar hannu da ma'auni da takardu. Ana ɗora mota a sikeli, ana auna faɗin ƙafafu, wani lokaci a sa a buɗe murfin kan inji a leƙa. Sakamakon tsere ba ya tabbata sai sun gama, kuma an sha ƙwace nasara a bikin nan bayan an riga an sa wa direba furen girmamawa a wuya. Na tsaya a bakin shinge ina kallon wani daga cikinsu ya kwanta a jiƙaƙƙen siminti yana haska ƙarƙashin Cobra. Ban ga kyamarar talabijin ko ɗaya a wurin ba, alhali da aikinsu ne tseren ya zama na tsofaffin motoci.

A hanyar fita na gaya wa Kawu inda na tsaya. Ban ga laifi a bar kwafi ya yi tsere ba, musamman idan hakan zai sa yaro ya ji kukan injin da in ba haka ba sai dai ya gan shi a bayan gilas. Abin da nake so shi ne a rubuta. Littafin shirin da muka saya yana ba da sunan mota da shekararta da mai ita da direbanta. A ƙara layi ɗaya: wannan ta asali ce mai tarihi marar yankewa, wannan an sake gina ta daga ragowar wata, wannan kamfani ne ya ci gaba da ƙera ta, wannan kwafi ce. Masu motocin sun san amsar, kanikawa sun sani, masu gayyata ma galibi sun sani. Wanda ya biya kuɗin shiga ne kaɗai ba a gaya wa ba.

Kawu ya ce idan aka yi haka wasu manyan masu motoci za su daina zuwa, domin layi ɗaya irin wannan zai iya zaftare miliyoyi daga farashin abin da ke garejinsu. Na ce na yarda za a rasa wasu. Ya ce shi dai har yanzu ba zai so ya ga E-type ta 2014 a layi ɗaya da ta 1963 ba, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma in na dawo a watan Nuwamba zai kai ni Hyde Park da asuba in ga motocin da suka haura shekara 120 suna kama hanyar Brighton.